Waswasin Saki a Gidanmu na Zango

Maigidana mutum ne mai sanyin magana. Haka aka san shi a unguwar Zango tun kafin a ɗaura mana aure, a butik, wato kantin yadi da atamfa da ya gada wurin mahaifinsa. Ni ƴar unguwar Birni ce, kakannina Barebari ne, kuma a gidanmu da ƙarfi ake magana, a yi faɗa a shirya tuwo bai huce ba. Da na tare a gidansa sai na ji kamar an rage wa duniya murya. Na saba, har na zo ina jin daɗin hakan. Muka haifi mace, muka bi ta da namiji. Ba ni da wata damuwa a lokacin sai wadda ke damun kowace mace a Damagaram, wato ruwa.

Ta wajen ruwan ma abin ya fara nuna kansa. Da bazara famfon unguwarmu yakan ɗauke kwana da kwanaki, sai dai a jira ƴan garuwa masu tura kura cike da bido, wato jarkokin ruwa. Kowace mace ta san yadda take lallaɓa randarta ta kai ta gobe. Wata shekara sai na ga tawa tana ƙarewa tun kafin la'asar. Na yi wa yara faɗa, suka rantse ba su ba ne. Na shafa gindin randar ko ta tsage, na ji shi a bushe. Sai da na zauna na lura na gane alwalar maigida ce.

Zai tsuguna bakin magudana da buta, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya kai fuska, sai ya tsaya yana kallon tafinsa, ya koma farko. Buta ta ƙare ya cika ta. Liman ya tada salla a masallacin bakin layi, shi yana nan yana cuɗa gwiwar hannu. In ya rasa jam'i ya tsaya a gida, kabbarar farko ce ke riƙe shi. Ya ɗaga hannu ya sauke, ya ɗaga ya sauke, leɓɓansa na rawa.

Maƙwabciyata ta hango shi ta kan katanga wata rana, ta ce mini, "Ke kam kin dace, Allah ya ba ki miji mai tsoron Allah." Na ji daɗin maganar. Har tsokanarsa nake yi, in ce, "Maigida, a rage mana na tuwo." Sai ya yi murmushin kunya, ya ce ji yake kamar akwai inda ruwan bai taɓa ba. Ban ɗauke shi ciwo ba. Ko kusa.

Ina kiwon wata akuya a tsakar gida. Wata Lahadi da hantsi ƴarmu, lokacin tana ajin farko a lakwal, wato makarantar boko, ta kama igiyar akuyar tana ja, akuya na ta kuka. Uban yana zaune kan tabarma yana shan kunu, ni ina tsaye bakin madafa. Ya ce da yarinyar, "Ke, sake ta mana." Ta saki igiya ta ruga waje. Sai na ga ya ajiye kofin a hankali, fuskarsa ta canza kamar wanda aka yi wa saƙon mutuwa.

"Kin ji abin da na ce?"

"Na ji. Ka ce ta saki akuya."

"Na ambaci akuya?"

"Ba ka ambata ba, amma ai akuyar take riƙe da ita."

"Lokacin da maganar ta fita ke nake kallo. Ke kika faɗo mini a rai."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce ai ko yaro ya san ba haka ake sakin mace ba. Shi bai yi dariya ba. Ya sa na maimaita masa abin da ya faɗa, da inda yake kallo, da inda nake tsaye. Na maimaita. Ya sauke ajiyar zuciya ya ƙarasa kununsa. Da azahar ya dawo daga butik, ko takalmi bai cire ba ya sake tambayata.

Daga ranar gidanmu bai ƙara zama daidai ba. Ban taɓa lura da yawan yadda kalmar nan ke yawo a bakin mutane ba sai lokacin. A saki hannu, a saki igiya, a saki fuska, a sake zuba miya, a sake dawowa gobe. Duk ya daina faɗa. In yana son ƙarin abinci sai ya miƙo kwano kawai. Wata rana a butik wata mata ta matsa masa da ciniki, ya ce mata, "To shi ke nan, na sakar miki." Nan take ya rufe butik ɗin da rana tsaka, ya hawo babur ɗin kabu-kabu ya zo gida, wai da ya faɗi haka hotona ya gilma masa.

Sannan wani ya gaya masa cewa ko "je ki gidanku" na iya zama saki in da niyya. To ni kuwa duk sati nakan je Birni gaida iyayena, kuma da ma abin da yake cewa ke nan, "Je ki, ki gaishe su." Ya daina. In na nemi izini sai ya ɗaga kai. Ina bisa hanya salula za ta yi ƙara a jaka.

"Da na ɗaga kai ɗin nan, me kika fahimta?"

"Izini na fahimta, Maigida."

"Izini kawai?"

"Izini kawai."

Kafin in kai ƙofar gidanmu ya kuma kira.

Na zama mai gadin bakinsa. Duk abin da ya furta sai in riƙe shi a ka, don na san za a tambaye ni. Ina tuƙa tuwo kunnena na tsakar gida. Ina wanka ina saurare. Miya ta sha ƙonewa a hannuna. In na je biki ba na iya zama, ina gaisawa da mutane zuciyata na gida, ko me ya faɗa yanzu, wa zai yi masa shaida ba na nan. Zama ya gagare ni ko a ɗakina. Sai in share tsakar gidan da na riga na share, in kwashe kwanuka daga nan in mai da can. Yara ma suka koyi yin shiru in babansu ya shigo, suna kallon bakinsa kamar yadda nake yi.

Malamai kuwa ya bi su. Ya fara da limamin layinmu, ya ce masa babu saki, ya kwantar da hankalinsa. Ya dawo gida da fara'a, har ya ɗauki ɗanmu ya ɗora a wuya. Kafin magariba ya ce bai yi wa liman bayani daidai ba, ya manta bai gaya masa inda yake kallo ba. Ya tafi wurin wani. Ya kira masu amsa tambayoyi a rediyo, ina jin muryarsa tana fitowa daga rediyon maƙwabta, ya canza ta don kada a gane shi, ni kuwa na gane. Kowa amsa ɗaya yake ba shi. Amma duk amsar da ya samo, kwanciyar hankalin da take kawowa ba ta kai ta baya daɗewa ba.

Wata rana ya je ya sami mahaifina ya roƙe shi a sabunta mana aure, wai don a fita daga shakka. Baba ya yi faɗa sosai, ya ce shi bai taɓa jin an ɗaura auren da bai kwance ba. Amma da ya ga yadda surukin nasa ya rame, idanu sun faɗa, sai tausayi ya kama shi. Aka kira mutum biyu cikin zaure, aka raba goro, aka shafa fatiha a ɓoye kamar masu abin kunya. Ina cikin gida wurin mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ina kuka ban san na mene ne ba.

Mun samu ƴan kwanaki na sauƙi. Sai ya zo da sabon lissafi. Tunda ya yarda aka sabunta, ashe ya amsa cewa saki ɗaya ya auku. In aka haɗa da na akuya da na butik, sun cika uku ke nan. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Ya roƙe ni in riƙa sa hijabi in zan kawo masa abinci. Ina miƙa masa kwano yana kau da kai, mutumin da na haifa wa ƴaƴa biyu.

Abin da ya biyo baya bai iya faɗa da bakinsa ba, don yana tsoron kowace kalma. Mahaifiyarsa ya turo. Inna, haka nake kiranta, ta zo da safe ta zauna bakin gadona tana murza gefen zanenta.

"Ƴata, ki yi haƙuri. Ya ce ki ɗan zauna wurin su Iya har ya gano matsayinku."

"Inna, sakina ya yi?"

"Wallahi bai sake ki ba. Shi ma kuka yake."

"To me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ni ma na rasa gane ɗan nan nawa."

Na haɗa kayan yara muka tafi Birni.

Zaman nan ya fi komai yi mini wuya. Matan unguwa su shigo gaisuwa, su tambaya ko yaji na yi, in ce a'a. Ko an sake ni, in ce a'a. Sai su kalle ni, su fita su ƙarasa labarin da kansu. Ba ni da idda da zan ƙirga, ba ni da ɗakin da zan koma. Da rana ta yi sanyi sai in ɗauki mayafi in ce zan je gidan wance, in yi ta bin lungunan Birni, yashi na cika mini takalmi, in wuce masu dukanci a ƙofar gidajensu, in zagayo ta bayan fada, in dawo ban shiga gidan kowa ba. Maigida kuma kullum bayan la'asar sai ya zo da cefane, ya tsaya a zaure, yara su fita wurinsa. Ina leƙensa ta labule. Hannuwansa sun yi fari sun tsattsage saboda wanki, rigarsa ta yi masa yawa.

Gwaggona, ƙanwar Baba, ta ce wannan ba ya rasa hannun mutane, ko sammu ko iska. Ta san wani mai magani a wani ƙauye cikin Gouna. Muka ɗauki mota da ni da maigida da Inna, ya zauna gaba don kada kafaɗarsa ta taɓa tawa. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, kuma ba zan ce ya cuce mu ba, abin da ya sani ya yi. Ya ba da rubutu da saiwoyi da turare, ya ce a yi wanka da su kafin rana ta fito, a fuskanci gabas, kada a yi magana sai jiki ya bushe. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne. Ga maigidana kuwa sai ya zama sabuwar gona. Ko gabas ɗin da ya fuskanta ta karkace? Ko tarin da ya yi magana ce? Ko bayansa bai gama bushewa ba? Inna ta ce rana takan take yana banɗaki yana sake wankan. Ta kwashe saiwoyin ta ɓoye.

Baba ne ya gaji. Yana da wani amini, tsohon malami a nan cikin Birni, wanda ya karantar da maigidana fiƙihu yana saurayi. Duk yawon da maigida ya yi wurin malamai bai taɓa zuwa wurinsa ba, kunya yake ji. Ranar nan da ya kawo cefane Baba ya fito ya kama hannunsa, ya ce da ni in sako mayafi in biyo su.

Mun sami Malam a zaurensa bisa buzu, ɗalibai sun watse. Na zauna daga bakin ƙofa. Maigida ya fara bayani tun daga akuya, yana yi yana komawa baya yana gyara kalma. Malam ya bar shi ya yi ta yi, sannan ya ɗaga hannu.

"Malamai nawa ka kai wa wannan magana?"

"Suna da yawa, Allah gafarta Malam."

"A cikinsu akwai wanda ya ce aurenka ya mutu?"

"Babu."

"To me ka zo nema wurina?"

"So nake in tabbata."

Malam ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan tabbacin da kake nema babu mai shi, ni ma ba ni da shi. Ko na ba ka yanzu, kafin ka kai Zango ya zube. Ka manta abin da muka karanta da kai? Malaman fiƙihu sun san irinka tun da daɗewa. Mutumin da kokwanto ke zo masa kullum ba ya barinsa, cewa suke kokwanto ya aure shi, kuma hukuncinsa daban ne da na sauran mutane. Shi umurnin da aka yi masa ya yi watsi da kokwanton. In ka yi shakka a alwala, ka wuce. In ka yi shakka a kabbara, ka ci gaba da sallarka. Wannan shi ne bin shari'a a wurinka, komawa baya kuwa saɓa mata ne."

Maigida ya ce, "Sakin fa?"

"Aurenka da shaidu aka ɗaura shi, kowa ya tabbata da shi. Abin da ya gilma a zuciya ba ya kwance shi, haka maganar da ka yi da akuya ko da mai ciniki. Matarka ce. Ko ɗaya bai auku ba, sabuntawar nan ma da kuka yi ba a buƙace ta ba." Ya dubi Baba, Baba ya sunkuyar da kai. "Na faɗa maka, kuma ba zan ƙara ba. In ka dawo da wannan tambaya zan ba ka ruwa ka sha, in tambaye ka kasuwa, amma amsa ba za ka samu ba."

"Allah gafarta Malam, in kuma kuskure ne fa? Ranar lahira me zan ce?"

"Ka ce ni na ba ka fatawa. Na ɗauka."

Sai maigida ya fashe da kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ya ce shi yana ganin imaninsa ne ya lalace, shi ya sa Shaiɗan ya samu hanya. Malam ya jira ya lafa. Ya ce wanda imaninsa ya lalace ba ya ramewa don tsoron saɓon Allah. Ya ce in abin ya taso ya nemi tsari sau ɗaya ya kama aikin gabansa, kada neman tsarin ma ya zama abin maimaitawa. Sannan ya ce, "Amma abin naka ya wuce nasiha kaɗai. Ciwo ne ya kama ka, kuma likitoci sun san shi. Ka je asibiti. Ni nan da kake gani ƙwayar hawan jini nake sha kullum, ban ga ta rage mini tawakkali ba."

Ya juyo gare ni. "Ke kuma, ƴata, yau ki koma ɗakinki. Kuma ki daina yi masa shaida. Na san tausayi ne ke sa ki, amma duk amsar da kika ba shi ciwon kika ciyar."

Na koma a ranar. Asibitin ne ya ɗauki lokaci, don ɓangaren da aka ce mu je shi ne wanda mutanen gari ke kira wurin mahaukata. Maigida ya ce in aka gan shi a can wa zai ƙara sayen yadi a hannunsa. Sai da Inna ta ce in bai je ba ita za ta je ta zauna a ƙofar har a tambaye ta ɗan wa take jira. Ranar da muka tafi bai yarda mun hau kabu-kabun layinmu ba, sai da muka yi tafiya mai nisa a ƙasa muka tari wanda bai san mu ba.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba sosai. Ta yi ta yi masa tambayoyi kamar wadda ta zauna a gidanmu. Yakan maimaita alwala? Yakan guji wasu kalmomi? Wa yake tambaya in tsoron ya zo? Da ya nuna ni sai ta yi murmushi, ta ce da ma ta zata. Ta faɗi sunan ciwon da Faransanci, sannan ta yi mana bayani da Hausa. Tunani ne ke kutsowa ba a gayyace shi ba, ya zo da tsoro mai tsanani. Mutum ya yi wani abu don tsoron ya sauka, ko wanki ko tambaya. Ya sauka ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta koyi cewa ba ta da mafita sai wannan, gobe ta nemi fiye da haka. Ta ce ciwon yakan kama mutum ta wajen abin da ya fi daraja a wurinsa, shi ya sa nasa ya bi ta salla da aure. Da muka gaya mata abin da Malam ya ce, ta ce ba ta da abin cirewa a ciki.

Ta rubuta ordinas, takardar magani, muka kai farmasi. Ta gargaɗe mu cewa ƙwayar ba ta aiki da wuri, sai an yi makonni, kuma da farko tana iya sa tashin zuciya da kasala. Ta ba mu randebu, wato ranar da za mu koma. Aikin da ta ɗora masa kuwa shi ne ya riƙa tunkarar abin da yake gudu da kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi. Buta ɗaya ga alwala, in ta ƙare ta ƙare. Ya riƙa cewa a sake zuba masa miya. In tsoron ya taso ya zauna da shi, kada ya wanke, kada ya tambaya, har ya sauka da kansa. Ni kuma ta koya mini abin da zan ce: wannan tambayar ciwon ce, ba zan amsa ba.

Faɗar haka a ofishin likita da sauƙi. Ranar da aka fara gwada ni ina daka yaji da yamma. Ya ce da ɗanmu ya saki gefen labule, sai na ga ya juyo wajena, na san tambayar ta zo. Ya tako har bakin turmi.

"Kin ji abin da na ce?"

Na ce, "Wannan tambayar ciwon ce, Maigida. Ba zan amsa ba."

"Wannan kaɗai. Daga ita ba zan ƙara ba."

Na ci gaba da daka. Na shiga madafa ya biyo ni. Na fito na shiga ɗaki ya tsaya a ƙofa, gumi na zuba daga goshinsa.

"Ke ba ki tsoron Allah? In zaman haram muke yi fa? Kalma ɗaya ce za ki faɗa!"

Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Amsar tana kan harshena, na san in na faɗe ta fuskarsa za ta saki nan take, mu ci abinci lafiya. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Na raɓa ta gefensa na koma turmi, na yi ta dakan yajin da ya riga ya zama gari, hawaye na zuba, ban san ko na yajin ne ko nawa ba. Ya je ya zauna gindin katanga ya haɗa kai da gwiwa. Ina ganin kafaɗunsa na rawa. Na ce a raina ko dai likitar da Malam ba su san irin azabar nan ba, ko ni ce marar imani. Inuwa ta ci tsakar gida yana nan zaune. Can ya ɗago, ya dube ni da jajayen idanu, ya ce, "Akwai sauran fura?" Na dama masa. Ya sha, ya tashi ya yi alwala da buta ɗaya ya tafi masallaci.

Ba daga ranar ya warke ba. An yi ta irin wannan, wata rana in ci nasara, wata rana in gaji in amsa, mu koma wurin likita in faɗa mata da kunya, ta ce ba komai, a ci gaba. Ya taɓa zamewa ya koma wurin Malam da tambayarsa. Malam ya sa aka kawo masa ruwa a moɗa, ya tambaye shi ko atamfa na tafiya bana. Ya dawo gida a fusace, ya ce tsohon nan ba shi da tausayi. Sai bayan kwana biyu yana ba Inna labari ya kama dariya.

Wajen tsakiyar damina na lura na daina riƙe maganganunsa a ka. Ya mai da shimfiɗarsa ɗaki tun kafin nan. Hannuwansa suka warke. Ya koma samun jam'i, har raka'ar farko. Da azumi ya zo sai ya ga ai ya samu lafiya, ya ajiye ƙwayar bai gaya wa kowa ba. Kafin ƙaramar salla abin ya dawo, wannan karon ta wajen azumin, ko ya haɗiyi ruwa wurin kurkure baki, ko yawun da ya haɗiye ya karya. Muka koma asibiti. Likita ba ta yi faɗa ba, ta mai da shan maganin bayan buɗa-baki, ta ce ranar da za a rage shi tare za a rage, a hankali.

Shekaru sun wuce yanzu. Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa, maigida na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. In kasuwa ta tsaya ko wani ya kwanta rashin lafiya a dangi, nakan ga ya buɗe baki zai tambaya, sai ya rufe, ya ɗan zauna, ya tashi ya kama wani aiki. Ya gaya wa abokansa biyu na kasuwa abin da ya same shi, ɗaya daga cikinsu har ya kai ƙanensa wurin likitar.

Ni ce ban gama komawa daidai ba. Likita ta taɓa cewa abin yakan bi jini a wasu gidaje, kuma maganar ta zauna mini. Ɗanmu ya zama saurayi, yana kolej. Kwanan baya na tsinci kaina tsaye bakin taga da tsintsiya a hannu, ina kallonsa yana salla a tsakar gida, ina jiran in ga ko zai maimaita kabbara. Ban san maigida na bayana ba.

Ya ce, "Me kike dubawa?"

Na ce, "Gani na yi kamar ya daɗe a tsaye."

Ya leƙa, ya ce, "Sura mai tsawo ya ɗauko. Ki bar yaro ya yi sallarsa."

Na bar tagar na tafi madafa na hura wuta. Sai da na ji sallamarsa, na ji ya buɗe ƙofa ya fita wurin ƙwallo, sannan na iya zama.